Kanwar da Na Jiƙa Sau Biyu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a wani sito na kayan gini a unguwar Sulay, can ƙasar Larabawa, ban taɓa kwana a asibiti ba. Kowace cuta da maganinta a wurina. Ƙwarnafi kuwa, jar kanwa nake jiƙawa, wadda ake kawo mini daga Maradi.

Wata Talata bayan Azahar muka ci kabsa, dafa-dukar shinkafar Larabawa, na koma jera buhunan siminti. Sai na ji kamar an ɗora mini buhu guda a ƙirji. Na ce ƙwarnafi ne. Na jiƙa kanwa, na sha, na zauna jiran gyatsa. Gyatsa ta zo, nauyin bai tafi ba. Na jiƙa ta biyu. Zufa ta keto mini, hannun hagu ya fara mutuwa.

Direbanmu, wani dattijo mutumin Damagaram, ya leƙo ya dube ni.

"Malam, wannan zufar ba ta kabsa ba ce."

"Baba, bari in sha ta uku mu gani."

"A Lahira za ka sha ta? Ɗauko iƙamarka ta zaman ƙasa, yalla, maza mu shiga mota!"

Ana kiran La'asar muka shiga asibiti. Likita ya tambaye ni yaushe ciwon ya fara, na gaya masa. Ya ce jini ne ya daskare ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya, kuma muddin tana toshe naman zuciyar mutuwa yake yi.

Idona biyu aka yi aikin. Da farko suka kashe mini wuyan hannu da allura. Sannan suka zura siririn bututu ta jijiya har zuciya, suna kallonsa a allo. Suka zuƙo gudan jinin, suka sa wata 'yar raga don kada hanyar ta sake rufewa. Nan take na ji an sauke buhun. Na ja numfashi har ƙasan ciki, na ce alhamdu lillahi sau uku.

Suka nuna mini abin a ɗan faranti. Baƙi-baƙi ne, bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba.

Da na ba likita labarin kanwa, bai yi dariya ba. Ya ce da na zauna jiran ta uku, da wata maganar ake yi.

Da aka sallame ni, na kai wa mai dafa mana abinci sauran kanwar. Na ce ya riƙa sa wa wake.