Bangon Kwatarkwashi Bayan Injiniya Sahabi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 18 ga Agusta, 1998, da misalin ƙarfe huɗu da kwata na yamma, motar haya da ta taso daga Funtua ta ƙwace cikin ruwan sama dab da shiga Tsafe. Injiniya Sahabi Dalhatu, maigidana a wurin aiki, yana gidan gaba. Ya cika kafin a iso Gusau. A bayan motar an sami damin buhunan algarara da ya je saye.

Injiniya, saboda aikinmu ka yi wannan tafiya, kuma ni ya kamata in je.

Bara da na gama karatu, kai kaɗai ka karɓe ni. Ka nuna mini yadda kake shimfiɗa algarara a tsakiyar filasta domin ɗaure bangon da ya tsage. A bayan gidanka muke zuba siraran falle na siminti da algarara don gwaji, mu rataye su a jikin ƙarfe, mu yi ta ƙara yashi a bokitin da ke ƙasa. Siminti ne ke fara tsagewa, sai zaren ya karɓi nauyin. Ranar farko na firgita. Ka yi dariya ka ce, "Ma'u, ƙananan tsaga masu yawa ba su ba ni tsoro, zare na aiki ke nan. Guda ɗaya mai faɗi ita ce abin gudu."

Haka muka gyara ajin wata firamare a Kwatarkwashi, ba ka karɓi ko kwabo ba. Ka ce kada yaro ya shiga sai mun ja falle ukun da muka bari a waje damina ta doka, mun ga ko zaren ya ruɓe. Na ja su ranar Asabar, ni kaɗai. Biyu sun riƙe, ɗaya ya tsinke farat ɗaya.

Jiya hedimastan makarantar, Malam Adamu, ya tare ni a Bungudu. Ya ce, "Ƙaramar injiniya, yara suna karatu a gindin ɗorawa, ruwa na dukansu. In buɗe ajin?" Na ce ya ba ni zuwa Litinin.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna makoma. Iyalin Injiniya, Hajiya Zahra'u da Yazid da Hafsatu, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Ga abin da har yanzu ban sani ba. Ban san ko wanda ya tsinke kuskuren kwaɓina ne, ko siminti ne ya ci zaren ba. Ban san damina nawa algarara za ta jure a cikin bango ba. Siririyar tsagar da na gani a saman tagar ajin ta gabas, ban san ko irin wadda ba ta ba ka tsoro ba ce. Ranar Litinin Malam Adamu zai dawo, mabuɗin ajin yana aljihuna, kuma ban san wanda zan tambaya ba.

Ma'u Lukuman, Bungudu