Saje Bala, wanda bai bar igwarsa ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina wanke keke da safen nan a Gwallameji ɗansa ya kira ni: Saje Bala ya rasu.

Mutanen Zungur sun san shi a matsayin dattijon da ya yi ritaya ya koma gona, wanda sai ka ɗaga murya kafin ya ji gaisuwarka. Ko 'ya'yansa ba su san yadda kunnen ya mutu ba. Ni na sani, don ina wurin.

Shi ne shugaban igwarmu a atilare, rundunar manyan bindigogi, lokacin yaƙin arewa maso gabas. Ni ne direban motar da ke jan ta. In abinci ya yi ƙaranci, sai ya ce wai cikinsa ba daɗi, ya turo mana kwanonsa. Mun san ƙarya yake yi, amma sai mu ci.

Wata safiya aka far wa sansaninmu, aka ba da umarnin ja da baya. Ban taɓa faɗin wannan ba sai yau: tsoro ya kama ni, na ja mota na gudu ban ɗaura igwar ba. Na bar shi da mutum biyu.

Zai iya bin daji ya tsira. Amma akwai gari a bayanmu, in igwar ta faɗa hannun maharan, kan garin za su juya ta. Sai ya sauke bakinta ƙasa daidai maharan, ya dinga harbi.

Ƙarar da nake ji a bayana ce ta sa kunya ta kama ni, na juyo. Na same shi jini na zuba daga kunnensa. Cewa kawai ya yi, "Habu, matso da motar."

Da ofisanmu ya tambayi yadda aka yi, ya ce, "Direbana ya zo ya ɗauke mu." Bai ƙara ko kalma ba, har ya koma ga Allah.

Watan jiya muka haɗu a kasuwar Muda Lawal yana sayen iri. Na kai bakina kusa da kunnensa na ce, "Oga, ka yafe min abin da na yi ran nan."

Ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, ni dawowarka na gani."

Wallahi na kasa riƙe hawaye a tsakiyar kasuwa.

Ku 'ya'yansa, wannan ne mahaifinku. Akwai gari guda da ke raye saboda ya tsaya.

Allah Ya gafarta maka, Saje, Ya rufa maka asiri a gabanSa yadda ka rufa min. Za a yi jana'iza bayan azahar a Zungur. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.