Malam Sahabi da Jirgin Kwamfuta

Malam Sahabi manomin albasa ne a Aliero. A 1997 jirgin yaƙin da ɗansa Waliyyu ke tuƙawa ya faɗi wajen sauka, ko gawarsa ba a kawo gida ba.

Da ya ji wani shagon buga takardu a Jega yana da kwamfuta mai wasan tuƙin irin jirgin, sai ya riƙa zuwa kowace ranar kasuwa. Yakan yi addu'ar tafiya kafin ya ta da jirgin, bai kuma taɓa harbi ba.

"Baba, abokan gaba na bayanka!" in ji mai shagon.

"Ƙyale su, sauka nika koyo."

Wata bakwai yana faɗuwa. Ranar da tayoyin suka taɓa ƙasa lafiya, sai ya ce, "Mun iso gida, Waliyyu." Bai sake zuwa ba.