Takardar da Baba Ya Sa wa Hannu

Yau shekara bakwai ke nan. Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe aka yi sallama a ƙofar gidanmu a Gaya, aka ce Baba ya fito. Na riƙe lokacin ne saboda agogon da ke hannuna, wanda yayana Sabi'u, ɗan acaɓa, ya saya mini don jarrabawa. An tsinci gawar Yaya a gefen hanyar Ajingi, buhun gyaɗar da ya ɗauko yana yashe kusa da shi, babur ɗinsa babu.

Baba ya tafi ofishin 'yan sanda. Kafin la'asar ya dawo da gawar, bayan ya sa hannu a takarda cewa ba ya neman bincike. Masu zuwa gaisuwa suka yi ta yabonsa, dattijo ya bar wa Allah. Ba wanda na ji ya tambayi wa ya kashe Sabi'u.

Ni ba mai yawan magana ba ce. Sai na sami littafi ina rubuta duk abin da na ji, da rana da lokaci, yadda Yaya ya koya mini in riƙa yi a saman kowane shafi. Wanda ya gan shi yana ɗaure kaya. Matar da ta ga wasu mutum biyu sun bi bayansa. Littafin ya kai rabi, ba wanda ya neme shi. Duk shekarun nan ina kai wa Baba abinci, ina durƙusawa in gaishe shi, amma ban yafe masa wannan sa hannu ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Yanzu in an tsinci gawar ɗan acaɓa a hanya, hotonsa kan zaga wayoyi kafin azahar, kowa ya rubuta Allah ya jiƙansa, ya wuce. An ƙaru da masu kallo, mai tambaya har yanzu babu. Abin da ya rage mini nasa shi ne agogon, da wannan ɗabi'a ta rubutawa.

A watan jiya na ajiye littafin a gaban Baba. Ya daɗe yana buɗe shafukan. Na ce, "Baba, me ya sa ka sa hannu?"

Ya ce, "Uwata, ce mini aka yi in ina son bincike, sai an kai shi Kano, an buɗe cikinsa, kuma ba a san ranar da za a ba ni shi ba. Na dube shi kwance a kan siminti, da ƙasar hanya a bakinsa. Ni dai so nake in yi wa ɗana wanka."