Bandar Gashuwa a Garin Baba Sandi

Ku sababbin ma'aikatan nan da kuke ta kallon baƙin kifi kamar zai cije ku, ku matso. Akwai ranar da ko na tsufa na rikice ba zan manta da ita ba, ranar da na yi wa Turawa banda irin ta Gashuwa a cikin garinsu, ba tare da kowa ya roƙe ni ba.

Tsakiyar shekarun tamanin ne. Ni lebura ne a ofishin kula da kamun kifi na nan Gashuwa, irin leburan da ake biya da rana, wato in oga ya tashi da ciwon kai yau, gobe ba ka da aiki. Aikina hura wa Baba Maina wuta, tsohon da ke yi mana banda. Sai aka ce za a gina sabon gidan banda, kuma za a tura mutum biyu Sikotilan, can saman Ingila, su ga yadda ake yi. Jami'inmu Malam Bukar na ɗaya. Na biyu Baba Maina ya kamata, amma ya ce shi ba zai shiga abin da in ya lalace a hanya babu inda za a sauka a tura ba. Aka duba aka duba, sai ni. Aji biyu na yi a sakandare, sauran Turancina a tashar jirgin ƙasa ta Nguru na tsince shi.

Tun a Kano Malam Bukar ya gaya min ƙa'ida. In mai gidan bandar can ya yabe ni, ni zan riƙe sabon gidan, a kuma tabbatar da ni a aiki. In bai yabe ni ba, tsintsiya tana jirana. Ni kuwa na riga na gama cika baki a majalisarmu, har na ce wa Modu mai shayi ya fara ce min manaja.

Garin ɗan ƙarami ne, ko Katuzun nan ta gefenmu sai ta yi masa gori. Gidajen dutse a jere sun juya wa teku baya, ko'ina ƙarnin kifi, ga wasu fararen tsuntsaye ɓarayi da za su ƙwace soyayyen dankali daga hannunka kana kallo. Wai lokacin zafinsu ne, ni riga uku na sa. Magariba ba ta zuwa sai ka gaji da jira. Tekun kuma kullum sai ya kwashe ruwansa ya tafi, ya bar jiragen masunta a kan taɓo, an jima ya dawo. Na ce wa Malam Bukar abin da koginmu yake yi a shekara, wannan kafin la'asar ya gama. Maza masu ɗaura zani da na gani a jikin gwangwanin biskit kuwa, na neme su har na gaji. Turancinsu ma wani iri, ni da Malam Bukar sai mu haɗa abin da kowa ya tsinta mu sami rabin magana.

Mai gidan bandar wani tsoho ne, Sandi. Na ce masa Baba Sandi, ya amsa. Ga yadda suke yi: wani farin kifin teku ne, a yanke kai, a sa gishiri, a ɗaure biyu-biyu ta wutsiya, a rataya a sanda. Akwai rabin ganga ta katako a binne a ƙasa, wuta a ciki. A jera sandunan a kai, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, sak irin buhun gyaɗar da na yi dako a Nguru. Farkon zuwanmu gishiri da ɗauri kawai aka ba ni. Amma ina ganin kifin da ake fitarwa, ja-ja, laushi, har ruwa yana ɗiga. A raina na ce bayin Allah, yunwa ba ta barin su ƙarasa aiki.

Ran Juma'a da safe aka jera kifi mai yawa, na walimar da masunta za su yi washegari a bakin ruwa. Muna rufe buhu sai aka zo aka ce wa Baba Sandi jirgin ɗansa ya shigo da matsalar inji. Ya nuna min ganga, ya ce in kula da wuta, yanzu zai dawo. Malam Bukar ya bi shi don ya ga kasuwar kifi.

To, an ce wa yaron Baba Maina ya kula da wuta. Me kuke so in yi?

Na ɗaga buhu na ga sun yi ja, na ce yanzu aka fara. Na ƙara itace. Na juya su. Na rage harshen wuta na bar hayaƙi, kamar yadda muke yi wa tarwaɗa. Har waƙa nake yi. Injin ya riƙe su har bayan azahar, ni kuma ban huta ba. Kafin su dawo kifin nan ya yi baƙi sidik, ya bushe ƙamas, wallahi da 'yan kasuwar Anaca ta can kudu sun gani da sun yi dambe a kansa.

Baba Sandi ya shigo, ya ɗaga buhu, ya tsaya. Ya ciro ɗaya ya ƙwanƙwasa a jikin ganga, ƙas ƙas, kamar mai neman a buɗe masa ƙofa. Ni ina tsaye ina murmushi, ina jiran yabo.

Malam Bukar ya matso kusa da kunnena ya ce, "Isiya, ka san tsintsiyar nan? Ita ma ka rasa ta."

Sai ya juya ya fara ba da haƙuri da manyan kalmomi. Baba Sandi ya ɗaga masa hannu, ya dube ni, ya ce me ya sa. Ba faɗa, tambaya yake yi da gaske.

Na tattaro Turancin tasha na yi masa bayani, rabi da baki rabi da hannu. Na ce a garinmu kifi daga ruwa ba ciki yake zuwa ba, mota yake hawa. Kwana da kwanaki a bayan babbar mota zuwa kudu, rana tana dukansa, ƙudaje suna binsa, babu ƙanƙara. In ka bar masa ruwa a jiki, kafin Potiskum tsutsa ta gaje shi. Ya ce wannan zai kai yaushe? Na ce in ya rataye shi inda hayaƙi ke taɓawa, sai dai ya gaji da ganinsa.

Tsohon ya zauna a kan akwati yana jujjuya kifin, yana sunsunawa. Can ya ce kakansa haka yake yi wa wani ƙaramin kifi, ya ƙone shi da hayaƙi har ya yi tauri, a loda wa jiragen da ke zuwa ƙasashen zafi. Ya ce tun yana yaro rabonsa da wannan ƙanshin. Sannan ya ce, "Amma nawa kifin, yaro, daga nan zuwa bakin ruwa zai je. Da ƙafa."

Ya miƙo min wuƙa da bokitin gishiri. Aka kawo wani sabon kifin na walimar, duk ni na sake gyarawa, na ɗaure, hannuna har ya daina jin sanyi. Da safe muka hura wuta tare, yana riƙe da hannun rigata. Ko awa ba a yi ba ya ce cire. Na ce Baba, ɗanye ne. Ya ɓare ɗaya ya tura min a baki. Jama'a, sai ya narke min a baki. Kamar man shanu. A wajen walimar aka yi ta nuna ni ana dariya, wata tsohuwa ta ce in zo in yi wa mijinta haka ko zai daɗe.

Ranar tafiya Malam Bukar ya tambaye shi abin da zai gaya wa ofis a kaina. Baba Sandi ya ce, "Ya san wuta. A ba shi gidan. A dai samo wanda zai riƙa ce masa ya isa."

Ya rataye baƙin kifina biyu a saman ƙofarsa, ya ba ni nasa ja-ja biyu in kai wa Baba Maina. Na naɗe a takarda na cusa cikin jaka. A jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru, tun kafin mu yi nisa, wata Hajiya ta ce ko dai a fitar da abin da ya mutu a taragon nan ko a fitar da mai shi. Ta taga kifayen suka tafi. Baba Maina takardar kawai ya sunsuna, ya ce ya gode Allah da bai je ba.

Aka ba ni sabon gidan, Modu mai shayi ya ce min manaja, har yau kuma bai daina ba. Shi ya sa kuke ganin duk wanda ya kawo kifi gidan nan, masunci ne ko ɗan kasuwa, ba na taɓa itace sai na tambaye shi ina kifin zai je. In nan kusa Yusufari ne wutarsa daban, in Anaca ne daban. Kai mai jar hula, tun ɗazu kake ƙara itace. Ka tambaya?