Sallau Mai Hana Yafiya

Da na dawo Magarya daga karatu a Dakar, ban tabbata maganar haƙƙin wanda mota ta buge tana da wurin zama a ƙasarmu ba. A can an koya mana sai an gano mai laifi kafin asirans, wato inshora, ta biya diyya. A nan kuwa kowane haɗari sunansa ƙaddara. Ina cikin wannan shakka aka nuna mini Sallau.

Mutumin Sassumbrum ne, da can mai amalanke. A kakar gyaɗar 1971 kamiyo, babbar motar kaya, ya banke shi, ya kashe san da ke jan amalanken, ya murƙushe ƙafarsa ta hagu. Direban ya durƙusa yana kuka. Sallau, yana kwance cikin jini, ya faɗi abin da duk ɗan halak zai faɗa: "Tashi, na yafe." Tafinta ya gaya wa jandarma mutumin bai ɗora wa kowa laifi ba. Magana ta mutu nan. Ƙafar kuma aka yanke ta a Damagaram.

Ya koma tashar Magarya yana tufkar igiya. Da ya ji mota ta taka wani, sai ya ɗauki sandarsa ya tafi. Maganarsa ba ta sauyawa: "Yi salati, yi kuka, amma kada ka ce ka yafe."

Ƴan kamasho suna tsokanarsa. "Sarkin riƙo! Yau wa za ka hana shiga Aljanna?"

"Ubanka," in ji shi, "ranar da taya ta hau kansa."

Shekarar yunwa, 1974, kamiyo ya kashe wani mai suna Wada a hanyar Guci. Matarsa Rakiya ɗiyar ƙanen Sallau ce. An bar ta da yara ƙanana, rumbu wayam. Na raka shi ta'aziyya a motar kasuwa.

Tana cikin ɗaki tana takaba. Ya zauna a bakin ƙofa.

"Ɗiyata, riƙe bakinki. Haƙƙin marayu ne, ba naki ba ne balle ki kyautar."

"Baba, in na riƙe, yaushe za su biya?"

Ya dube ni. Na ce sai alƙali a Damagaram ya tabbatar laifin direba ne.

"Kafin damina, Malam?"



Bayan la'asar wakilin mai motar ya iso da dattawan gari, da buhun gero. Aka jingine buhun a jikin ɗakin. Ƙaramar ɗiyar Rakiya ta sami huda a gindinsa, tana sa yatsa tana kaiwa baki, ɗanye. Babban dattijon ya yi batun haƙuri da ladar mai yafewa. Kowa ya juya yana kallon Sallau, ana jiran rigima. Bai ɗaga kai ba.

Muryar Rakiya ta fito daga bayan asabari, ƙasa-ƙasa: "Na yafe."

Aka shafa fatiha. Shi ma ya shafa.

A hanyar komawa na ce, "Baba Sallau, wannan tafiya duk don ka hana ta muka yi. Me ya sa ka yi shiru?"

Ya gyara sandar a hammatarsa.

"Ɗana, ku sai kun gama neman mai laifi kafin marayu su ci. Mai motar ko ya kawo geron har ƙofa. Da ni ne a ɗakin, da na sake yafewa."