Mai Ƙofar Ƙarfe a Tashar Kafanchan

Tun da Malama Beatrice ta zauna jiran motar Kaduna, idonta na kan wani dattijo. Siriri ne, sanye da tsohuwar kwat irin ta ma'aikatan jirgin ƙasa, gwiwar hannun duk faci. Kayansa ɗaya tak: ƙofar ƙarfe shuɗiya, sabuwa fil, haɗe da firam ɗinta. Ya jingina ta da mangwaro, yana ta goge ta da hankici kamar mai lallashin jariri.

Malama dai ba ta iya gani ta yi shiru ba. "Sannu, Baba. An gama gini ke nan?"

"Wane gini, 'yata? Fili ne kawai, a Sabon Tasha. Bara na je sayen siminti, aka ce ya tashi, na ce bari ya sauka. Bana kuɗin ƙofa kawai ya isa. Ga shi Kirsimeti zan bar kwatas ɗin ma'aikata." Ya dubi ƙofar, ya sosa ƙeya. "Ko kwanon rufi ya kamata in fara saya? Madam ɗina ta ce kwano."

 A ranta Malama ta ce wataƙila fansho yake jira, wataƙila wani ɗa ne ya yi alkawari. Ita kanta albashin koyarwa ba ya kai ta ƙarshen wata.

Direba ya ƙwala kira, "Mai ƙofa, kawo a ɗaure a sama!"

Dattijon ya ce a dakata. Ya zaro makulli daga aljihu, ya murza, ya girgiza marikin ya tabbatar ta kullu, sannan ya bari aka ɗauka.